Haddar manyan kalmomi ba ta buɗe baki

Wani matashi da aka ɗauka aiki kwanan nan a ofishinmu a Gombe ne ya sa na ɗauki biro. Ranar Litinin aka ce ya yi bayanin minti biyar a gaban baƙi daga Abuja. Ya rubuto shafi biyu, ya haddace tsaf, ya karanto ba gargada. Da ɗaya daga cikin baƙin ya yi masa tambaya guda wadda ba ta cikin takardar, sai ya tsaya yana murza murfin biro, gumi na bin wuyan rigarsa, har shugaban sashe ya karɓe maganar. Washegari na gan shi da sabon littafin rubutu, ya ja layi a tsakiyar shafi, kalmar Turanci a hagu, ma'anarta a dama. Na tambaye shi, ya ce, “Yallaɓai, kalmomi ne suka yi mini ƙaranci, ashirin zan riƙa haddacewa kullum.”

Ƙanena, wannan hanyar na bi ta shekara da shekaru, kuma ba ta ɓulle ba. Kalmomin da na tara suna nan a kaina, ina gane su in na gani a jarida, amma ba sa zuwa baki a lokacin da ake buƙatarsu, domin ban taɓa furta su a cikin jimla ga wani mai rai ba. Gane kalma daban, iya fitar da ita cikin daƙiƙa ɗaya daban. Kuskurena na biyu ya fi wannan tsada: nakan gina magana da Hausa a zuci, in juya ta Turanci, in duba ko fi'ilin ya dace da lokaci, sannan in buɗe baki. Kafin in gama an wuce batun. Na uku kuma shiru. Na mai da shiru mutunci, ina gaya wa kaina wai mai hankali ba ya yawan magana a taro, alhali tsoro ne kawai. Ra'ayin da na riƙe a ciki wani ya faɗe shi da karyayyen Turanci, aka rubuta da sunansa.

Ba duka laifina ba ne, kuma ba zan ɗauki duka ba. An koya mana Turanci ne da ido. A makaranta in an kama ka kana Hausa a ci ka tara ko ka sha bulala, in ka yi Turanci ka kuskure aji ya fashe da dariya, to wace ƙofa aka bar wa yaro in ba ta shiru ba? Hatta gwajin furuci na WAEC a rubuce ake yin sa, ka zaɓi A ko B, kana iya cinyewa ba ka furta ko harafi ɗaya ba. Ga shi kuma a Gombe daga Tashar Dukku har Pantami Hausa za ta biya maka kowace buƙata, wani wurin Fulatanci, ba abin da zai tilasta maka Turanci sai ranar taro. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai abokan aikina da suka fito daga irin makarantun nan sun buɗe baki sun wuce ni, don haka uzurin bai wanke ni ba. Girman kai ne ya hana ni a ji kuskurena.

Na so in jero maka shawarwari goma. Da na zauna na tace, abin da ya rage bai kai haka ba.

Ka ajiye littafin nan, ka ɗauki wayarka. Zaɓi abu ɗaya daga aikinka na yau, misali dalilin da ya sa kaya ba su iso ba, ka kunna rikoda ka yi bayaninsa da Turanci na minti huɗu ba tare da takarda ba. Ka sake faɗin abin nan dai cikin minti uku, sannan cikin minti biyu. A zagaye na farko kwakwalwa na neman abin faɗi da kalmomin faɗinsa a lokaci guda, shi ya sa ake inda-inda. A na biyu da na uku abin faɗin ya riga ya zauna, sai harshe ya samu sarari. Minti tara ke nan. Ka saurari na ƙarshe, ka fitar da kuskure ɗaya tak ka gyara gobe. In ka ce sai ka gyara duka, kwana uku za ka yi ka daina.

Sai kwaikwayo. Shirin koyon Turanci na Muryar Amurka, wanda aka fara tun 1959, a hankali ake karanta shi da kalmomi masu sauƙi, BBC ma na da nata na minti shida. Ɗauki rabin minti kawai, ka saurara sau biyu, sannan ka riƙa bin mai maganar da baki a bayyane, kana bayansa da kalma biyu ko uku. Abin da kake farauta shi ne inda yake danna murya, domin Hausa da karin sauti da tsawon wasali take aiki, Turanci kuwa gaɓa ɗaya ake dannawa a sassauta sauran. Sauraro a kwance da abin kunne ba ya cikin lissafi. Abin da ke ɓata mini rai ke nan da ku: mu rediyo muke kamowa da ƙyar, shirin ya wuce ya wuce ke nan, ku kuwa malami na cikin aljihunku, amma datar ta ƙare a TikTok kafin la'asar.

Kada ka ɓata lokaci wajen neman muryar Bature. Na gwada, ba ta zauna ba, kuma ba wanda ya ɗauke ka aiki don ka yi magana kamar ɗan Landan. Harshenka na Arewa ba aibi ba ne. Amma fa akwai sautuka da dole ka gyara, ko da hakan ya yi kama da na warware maganata, saboda suna sauya ma'ana. Hausa ba ta raba p da f, shi ya sa “pan” da “fan” da “copy” da “coffee” ke cakuɗe mana. Riƙe takarda a gaban bakinka: p leɓe biyu ne ke haɗuwa su fashe, takardar ta motsa, f haƙoran sama ne a kan leɓen ƙasa, iska na fita a hankali. V ita ce f ɗin nan dai, amma maƙogwaro na rawa, ɗora yatsa ka ji. In ba haka ba “vote” ya koma “boat”. Sai lambobi, inda ake asarar kuɗi: “fifteen” ƙarshenta ake dannawa, “fifty” farkonta. A waya kada ka dogara da furuci, ka bi da “one five” ko “five zero”.

Na ce ka bar hadda, amma ka haddace jimloli huɗu da za su cece ka a taro: ta neman a maimaita tambaya, ta neman ɗan lokaci ka yi tunani, ta cewa ba ka da adadin a hannu amma za ka turo kafin a tashi aiki, ta nuna rashin amincewa cikin ladabi. Da kana da ta farko da ta uku ranar Litinin ɗin nan, da ba a karɓe maka magana ba.

Kuma ka nemi mutum. Masu yi wa ƙasa hidima daga Kudu suna zaune a ofisoshinmu shekara guda, ba sa jin Hausa, kuna wuce su da gaisuwa kawai ku koma cikin 'yan uwanku. Ka yi yarjejeniya da ɗaya: minti goma sha biyar lokacin cin abinci, kai ka koya masa cinikin kasuwa da Hausa, shi ya bar ka ka yi ta magana, kada ya katse ka sai ka kai aya. Ka gaya masa Turancin ofis kake so, ba buroka ba. A taron Litinin mai zuwa kuma ka yi magana cikin minti goma na farko, ko da tambaya ɗaya ce gajera, tun kafin zuciya ta fara bugawa.