Yadda Na Koyi Shaƙatawa a Birnin da Ke Kan Tsauni

A makon farko da aiki ya kai ni wani birni da ke kan tsaunuka, sama da mita 2,000 daga doron teku, na yi sammako zuwa babban lambun shaƙatawa da ke bakin gari domin in yi gudun da na saba. Ko minti goma ban yi ba na tsaya ina haki, kaina na sarawa, ƙirjina na dukan uku-uku. Wani dattijo da ke zaune a kan benci ya dube ni ya ce, "Ɗana, da gani kai baƙo ne. Zauna ka huta, tudun nan ba a yi masa gaggawa." Na ce, "To, Baba," na zauna kusa da shi har numfashina ya daidaita.

Daga baya na fahimci dalilin. Oksijin da ke cikin iska kashi 21 cikin 100 ne a ko'ina, sai dai idan ana hawa sama iskar takan rage kauri, ta yadda a tsayin mita 2,500 abin da mutum ke zuƙa a numfashi ɗaya bai wuce kusan kashi uku cikin huɗu na abin da yake samu a bakin teku ba. Jiki kan ɗauki kwanaki kafin ya fara sabawa, sannan makonni kafin ya ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini. Wannan na cikin abin da ya sa a gasar Olamfik ta 1968 a birnin Meziko, mai tsayin mita 2,240, 'yan Kenya da Habasha da suka tashi a kan tudu suka yi fice a tseren dogon zango. Don haka na ajiye gudu, na shafe mako biyu ina tattaki a hanyoyin lambun da ba su da hawa sosai, kuma a lokacin ne na fara ganin wurin da idon basira.

Ba zan manta da safiyar da na fara kaiwa ƙololuwar tudun da ke bayan lambun ba. Raɓa ta jiƙa mini takalma, hazo ya cika kwarin fal har ya rufe gidaje, sai kan dogayen gine-gine kaɗai ke leƙowa, kana rana ta fito ta riƙa yaye shi sannu a hankali, unguwa bayan unguwa. Da na sauko na tarar lambun ya cika da iyaye masu tura jarirai a keke, da matasa masu buga ƙwallo, da tsofaffi masu miƙa ƙafa, babu wanda aka tambaya matsayinsa a bakin ƙofa. A ganina wannan shi ne babban alherin irin waɗannan wurare.

Rana a kan tudu tana da yaudara. Zafi kan ragu da kusan digiri 6.5 a ma'aunin Salsiyas a duk mita 1,000 da aka hau, shi ya sa mutum ke jin sanyi-sanyi ya saki jiki, alhali hasken da ke ƙona fata ƙaruwa yake yi da kusan kashi 10 cikin 100 a wannan tazara. Sai da leɓena suka tsage, ƙeyata ta saɓule, sannan na koyi fita da malafa da gorar ruwa, ina kurɓa ko ban ji ƙishirwa ba.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne hadari. Wata rana bayan azahar ina can sama, gari garau, sai gajimare ya taso daga bayan dutse, kafin rabin sa'a aka kece da ruwa da ƙanƙara, ga tsawa kamar a kaina. Na ruga na fake a gindin wata doguwar bishiya da ke tsaye ita kaɗai, sai wani ma'aikacin lambun ya ƙwala mini kira ya ce in bar wurin maza in gangara, domin irin wannan bishiyar ce aradu ta fi faɗa wa. Tun daga ranar nake hawa da safe in sauko kafin rana ta take, da rigar ruwa a jakata.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu yanke hanya a kan gangare maimakon bin wadda aka tsara mai lanƙwasa. Sawunsu kan kashe ciyawa, ruwan sama ya bi wurin ya zaizaye ƙasa, kuma da idona na ga siririyar hanyar ƙafa ta zama kwazazzabo cikin damina guda. Yanzu idan na fita da yarana doguwar hanya muke bi, kowa riƙe da ledar da zai tsinci robobin da aka yar, kuma idan muka iso bencin dattijon nan mukan tsaya mu gaishe shi kafin mu wuce.