Laraba: girgiza zuga-zugin akordiyon

Yau bayan la'asar, a zauren gida nan Birni, awa ɗaya cur na yi a kan abu guda: girgiza zuga-zugin akordiyon, kayan kiɗan nan mai maɓallai da ake ja ana turawa. Yatsun dama suna danne maɓalli ba sa ɗagawa, zuga-zugin ne ke yanka sautin gunduwa-gunduwa, ja da turi, ja da turi. Wanda ya taɓa tsayawa a maƙera ya san hannun mai zuga ba ya yin nisa. Nan ma haka ne, santimita 2 zuwa 3 sun isa.

Zama ake fara gyarawa. Ƙasan zuga-zugin ya zauna a kan cinyar hagu, kusan a rufe, sama kaɗai ke buɗewa kamar littafin da aka ɗan buɗa. Mai koyo zai iya barin madaurin da ke rufe ƙasan zuga-zugin a ɗaure na ƴan kwanaki har hannu ya gane hanya. Madaurin hannun hagu kuwa dole ya kama tsintsiyar hannu sosai. In akwai sako-sako, hannun zai yi tafiya kafin akwatin hagu na akordiyon ya motsa, sai sautin ya riƙa makara.

Na sa metronom, na'urar ƙirga bugu, a bugu 60 a minti, na danne maɓallan sautin do, mi, sol. Motsi biyu a kowane bugu na minti biyar, sannan motsi huɗu. Ja ne ke faɗawa a kan bugun, turi ya biyo. Matsalar da ta fi cin lokaci ita ce ja yana fin turi ƙarfi, domin nauyin ɓangaren hagu yana taimaka masa. Sai zuga-zugin ya riƙa buɗewa kaɗan-kaɗan, kafin ka ankara hannu ya yi nisa, girgizar ta mutu. Maganinta a saurari turin, a ƙara masa nauyi da gindin tafin hannu har su yi daidai. In kafaɗa ta fara zafi, a tsaya, alama ce ana aiki da ita alhali aikin na damtse ne. Salon girgiza na uku-uku, wato ja-turi-ja sannan turi-ja-turi, ban taɓa shi ba yau, kuma ban ga amfanin gaggawarsa ba.

Wani abin kuma na kayan ne. Kowane sauti yana da harshen ƙarfe biyu, ɗaya na ja, ɗaya na turi. Sol ɗina yana fita a ja, yana shaƙewa a turi, ƙurar hunturu ce ta shiga. Girgiza tana tona irin wannan nan take. Kuma da kakin zuma aka liƙa harsunan, zafin Damagaram na watan Afrilu da Mayu yana iya sassauta shi, don haka ba a barin akordiyon cikin mota ko ɗakin kwano da rana.

Gobe da safe zan buɗe in share harshen sol, sannan in gwada metronom a 66.