Feminist: sunan da ya fara da ba'a

Na lura mutane suna furta kalmar feminist, wato mai goyon bayan daidaiton haƙƙin mata da maza, iri biyu, kuma da wuya ka ji wanda ya tsaya a tsakiya. Wasu suna faɗarta da alfahari, wasu kuma da ita suke rufe bakin mace. Ta ce a biya ta daidai da abokin aikinta namiji tunda aikinsu ɗaya, sai a ce "rabu da ita, feminist ce", shi ke nan magana ta mutu, ba wanda zai duba ko tana da gaskiya.

Abin da ya ba ni sha'awa shi ne, wannan jifar ba sabuwa ba ce. A Faransa kalmar ta samo asali, kuma a shekarar 1871 wani ɗalibin likitanci ya yi amfani da tushenta wajen siffanta samari masu tarin fuka waɗanda jikinsu ya ɗauki kamannin mata. A 1872 marubuci Alexandre Dumas ƙarami ya ɗauke ta ya yi wa mazan da ke goyon bayan haƙƙin mata ba'a da ita. Wato maza aka fara zagi da ita, ba mata ba.

Wadda ta juya ta ita ce Hubertine Auclert, wata 'yar Faransa mai fafutukar haƙƙin mata. A 1880 ta ƙi biyan haraji, hujjarta kuwa ita ce gwamnatin da ba ta yarda ta jefa ƙuri'a ba, ba ta da ikon karɓar kuɗinta. Ta kafa jaridar La Citoyenne a 1881, kuma ba da jimawa ba ta fara kiran kanta da sunan da aka ƙirƙiro don raini. Ta rasu a 1914. Matan Faransa ba su samu ƙuri'ar ba sai 1944, alhali na New Zealand sun samu tun 1893.

A ƙamus dai ma'anar gajeriya ce: wanda ya yarda mata da maza su samu haƙƙi daidai a siyasa da tattalin arziki da zamantakewa, namiji ne shi ko mace. Amma ni a ganina matsalar tana nan, domin masu ɗauke da sunan ba bakinsu ɗaya ba. Lokacin da Faransa ta hana sanya hijabi a makarantun gwamnati a 2004, wasu feminist sun yi murna, wasu kuma sun ce hana mace suturar da ta zaɓa ai shi ne zaluncin da ake yaƙi da shi. Haka suka rabu a kan karuwanci, har yau ba su daidaita ba. To wacce a cikinsu ake nufi idan an yi zagin?

Akwai kuma waɗanda suka ga rigar ba ta dace da su ba. Marubuciya Alice Walker, baƙar fatar Amurka, ta gwammace kalmar womanist, saboda tana ganin fafutukar fararen mata ba ta kula da wariyar launin fata da talauci yadda ya kamata. Wasu matan kuwa suna tsaye a kan ilimin 'ya mace da hana dukan mata, amma ka kira su feminist su ɓata rai. Ban ga laifinsu ba. Ni ma idan aka ce min wance feminist ce, nakan nemi jin matsayinta a kan albashi, ko aure, ko ƙuri'a, kafin in san ko muna tare.