Ranar Sadakar Arba'in ɗin Hajiya Malama

Yau Juma'a aka yi sadakar arba'in ɗin kakata, Allah Ya jiƙanta, Ya kai haske kabarinta. Tun kafin kiran assalatu mata suka hura wuta a tsakar gida, ana suyar waina ana dakan gumba, da hantsi kuma malamai suka cika zaure suka sauke Alƙur'ani. Ni aikin da Inna ta ba ni shi ne in buɗe adakar Hajiya in ware tufafin da za a bayar sadaka.

A ƙarƙashin zannuwanta na tarar da wasu littattafan rajista guda uku, an ɗaure su da tsumma, bangonsu ya yi laushi saboda daɗewa. Da farko na ɗauka na makarantar firamaren da ta koyar ne a nan Sakkwato, domin ta sha ba mu labarin 1976, shekarar da gwamnatin Janar Obasanjo ta fara shirin UPE na ba kowane yaro ilimin firamare kyauta, lokacin da yara suka yi yawa har ita da ɗalibanta suka koma karatu a gindin dogon yaro. Da na buɗe sai na ga sunayen matan aure ne na unguwarmu, kowace da alama a gaban sunanta: wadda take babbaƙu, wadda ta shiga farfaru, wadda ta fara boko, da wadda ta kai ga rubuta wasiƙa da hannunta.

Nan take daren ƙuruciyata ya dawo mini. Bayan sallar isha'i Hajiya takan shimfiɗa tabarmi, ta goge gilashin fitilar ƙwai da gefen zanenta, mata su riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya da yara 'yan rakiya, wata da goyo, wata hannunta duk ƙanshin daddawa. Ba ta taɓa karɓar ko kwabo ba. Idan aka yaba mata sai ta ce ita ba ta ƙago kome ba, sawun Nana Asma'u 'yar Shehu take bi, wadda ta riƙa naɗa jajoji, wato mata masu koyarwa, da malfa tana tura su ƙauyuka su karantar da mata 'yan taru, har ta rasu a 1864. Ni kuwa takan kira ni, "Kishiyata, zo ki riƙe mini alli," kuma sau da yawa nakan ce barci nake ji. Yau wannan amsar tana yi mini ciwo ƙwarai.

Bayan la'asar wata tsohuwa ta shigo yin gaisuwa tana dogara sanda. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Baba, ko za ki gane wannan?" Ta karɓi littafin, ta matsa bakin ƙofa inda haske yake, ta bi layi da yatsa a hankali har ta tsaya a kan sunanta, ta karanta shi a fili. Ta ce a da idan maigidanta ya aiko wasiƙa daga Legas, sai ta nemi yaron maƙwabta ya karanta mata, kafin gari ya waye unguwa duka ta san nawa aka aiko da abin da aka ce. Ranar da ta fara karanta wasiƙarta ita kaɗai a cikin ɗaki, sai da ta zo ta faɗi a gaban Hajiya tana kuka.

Ta roƙi in yago mata shafin. Na kai maganar wurin Inna, ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce a raba zannuwa da mayafai, amma littattafan nan ba za su bar gidan ba. Sai na samo takarda na kwafe mata layin kamar yadda Hajiya ta rubuta shi, har da alamar da ke gabansa. Ta ninke takardar sau huɗu, ta ƙulle a bakin zanenta, na raka ta har ƙofar gida.