Na daina fara kwas ɗin netwok da haddar matakai bakwai

Shekaru na yi ina koyar da ɗaliban injiniya tushen sadarwar kwamfuta, kuma kullum hanya ɗaya nake bi, ranar farko in zana dogon akwati a allo in raba shi gida bakwai in ce to ga tsarin OSI nan, wanda ya raba aikin sadarwar kwamfuta mataki bakwai, a haddace. Su kuwa su haddace tsaf, daga matakin waya da sigina na can ƙasa har zuwa na manhaja na can sama, ka tashe su daga barci ma za su jero maka. Ni ma ina jin daɗi wai ina koyarwa.

Abin da ya farkar da ni wani yaro ne, cikin masu ƙoƙarin ajin, irin wanda in ka duba takardarsa sai ka rasa inda za ka rage maki. A lab na ba shi laftof biyu da suwich ɗaya, wato akwatin da ke haɗa kwamfutoci ta kebul, da kebul biyu na ce sa su su yi magana. Ɗaya na sa mata adireshin IP 192.168.1.10, ɗayar 192.168.2.10, mask ɗin duka, wato lambar da ke nuna su wa ke gida ɗaya a netwok, 255.255.255.0. Ya yi ping, wato ɗan saƙon gwaji don a ga ko ɗayar za ta amsa, shiru. Ya zare kebul ya mayar, ya kashe suwich ya kunna, ya sake ping, shiru dai. Wajen minti ashirin yana wannan kafin ya ɗago ya ce Malam ina ga suwich ɗin nan ya lalace. Na ce a wane mataki matsalar take cikin bakwai ɗin da ka rubuta min a jarrabawa? Ya tsaya yana kallona. Wallahi ba shi na ji wa kunya ba, kaina na ji wa, don yaron nan abin da na ba shi shi ya riƙe, ni ne ban taɓa nuna masa cewa akwatin nan na allo yana da alaƙa da kebul ɗin da ke hannunsa ba. Kwamfutocin nan biyu a waya ɗaya suke amma kowacce tana ganin ɗayar ba 'yar gidansu ba ce, sai ta nemi rauta, na'urar da ke kai saƙo daga wannan netwok zuwa wancan, ya kai mata saƙon, rauta kuma babu. Shikenan fa matsalar.

To daga zangon da ya biyo baya sai na juya abin. Yanzu ranar farko tambaya ɗaya nake yi, in ka rubuta sunan shafi a burauza ka danna, me ke faruwa kafin ya buɗe? Amsoshin da nake samu na ban dariya ne, wani ya ce sigina ne ke tafiya tauraron ɗan adam, wani ya ce Google ne ke kawo shi. Ba na gyara wa kowa. Sai in ce kowa ya buɗe Wireshark, manhajar nan ta kyauta da Gerald Combs ya fara a 1998 da sunan Ethereal, mu kama abin da ke wucewa ta katin netwok ɗinmu mu gani da idonmu.

Nan ne ajin ke yin tsit. Domin layin da nake fara sa su nema na ARP ne, kwamfutarka tana shela ga duk wanda ke kan wayar tana cewa wa ke da 192.168.1.1, ya faɗa wa 192.168.1.10. Kamar mutum ya shigo ɗaki yana kiran suna. Rauta ya amsa da lambarsa ta MAC mai bit 48, daga nan sai ka ga tambayar DNS ta fita ta kofa ta 53 tana neman lambar IP ɗin shafin, amsa ta dawo, sai gaisuwar TCP ɗin nan mai hawa uku, SYN, SYN-ACK, ACK, wato ina son magana da kai, na ji ni ma ina so, to mu fara. Bayan nan ne bayanai suke soma gudana ta kofa ta 443 a kulle, ba ka iya karanta komai a ciki. In ka danna fakit guda ɗaya, wato ƙunshin saƙo ɗaya, a manhajar sai ta buɗe maka shi ɓawo-ɓawo, Ethernet a waje, IP a cikinsa, TCP a cikin IP, kamar ambulan cikin ambulan kowanne da nasa adireshin. Sai a lokacin nake komawa allo in zana akwatin, kuma yanzu su ne ke faɗa min abin da zan rubuta a kowane gida.

Kuma ina faɗa musu gaskiya a kan OSI ɗin, abin da da can ba na yi. Hukumar ISO ta fitar da tsarin a 1984, amma intanet ɗin da muke amfani da ita ba a kansa aka gina ta ba, a kan TCP/IP ne, wanda Vint Cerf da Bob Kahn suka wallafa tushensa a 1974, ARPANET kuma, netwok ɗin Amurka da intanet ta samo asali daga gare shi, ta koma kansa ranar 1 ga Janairu 1983. Shi ya sa in ɗalibi ya ce Malam na duba fakit ɗin nan kaf ban ga mataki na biyar da na shida ba, nake ce masa idonka lafiya lau, ba za ka gan su a ware ba. Amfanin bakwai ɗin shi ne yare ne na 'yan sana'a, in wani injiniya ya ce maka matsalar ta mataki na biyu ce ko ta uku ka san inda za ka dosa. Iyakarsa kenan a wurina, ko da yake na san akwai abokan aiki da ba za su yarda da ni ba, mun sha yin musu a kai.

Tarihi kuwa kaɗan nake sakawa, inda zai yi aiki kawai. Labarin da ba ya wuce ni shi ne na 29 ga Oktoba 1969, lokacin da aka yi ƙoƙarin tura saƙon farko daga jami'ar UCLA zuwa cibiyar bincike ta SRI a Amurka, za a rubuta LOGIN, an tura L an tura O sai na'urar can ɓangaren ta tsaya cak. Dariya suke yi sosai, amma yana kwantar musu da hankali in nasu ya ƙi aiki.

Inda nake daɗewa sosai shi ne traceroute, manhajar da ke nuna rautocin da saƙo ya bi, don a ganina babu abin da ke nuna wayon waɗanda suka gina abin nan kamarsa. Kowane fakit na IP yana ɗauke da wata lamba da ake kira TTL, duk rautan da ya bi ta kansa sai ya rage ɗaya, in ta kai sifili sai rautan ya jefar da fakit ɗin ya aiko wa mai shi saƙon ICMP cewa lokacinsa ya ƙare. An yi haka ne don kada fakit ya ɓata ya yi ta zagaye har abada. Sai nake tambayarsu, to in kana son sanin duk rautocin da ke tsakaninka da wata saba, wato kwamfutar da ke riƙe da shafi, kuma wannan dokar kaɗai ka sani, ya za ka yi? Ina barinsu su yi ta faman tunani, wani lokaci minti goma, har sai wani daga baya ya ce a tura da TTL ɗaya, na farko zai tona kansa, sai a tura da biyu, sai uku. Ranar da ɗalibi ya gano wannan da kansa ba ya sake mantawa, ni kuma ranar nake jin albashina ya halatta.

Da yake 'yan injiniya ne, lissafi ba ya ba su tsoro, har ma sun fi sakin jiki in an kawo lamba. Haske a cikin faiba yana gudun wajen kilomita 200,000 a daƙiƙa, saboda haka saba mai nisan kilomita 6,000 ko babu cunkoso ko kaɗan sai saƙo ya ci milisakan 30 zuwa, 30 dawowa, ka sayi layi mai faɗin duniya ba zai rage wannan ba. Tauraron da ke tsaye a kilomita 35,786 kuwa hawa da sauka kaɗai wajen milisakan 240 ne. A nan suke gane faɗin layi daban jinkiri daban, abin da mutane da yawa ke cakuɗawa. Daga nan sai in kawo abin da ya faru a 1986, lokacin da cunkoso ya durƙusar da layin da ke tsakanin ɗakin binciken Lawrence Berkeley da jami'ar Berkeley, daga kilobit 32 a daƙiƙa ya faɗo bit 40, wurare biyu da ke kusa da juna, saboda kowace kwamfuta in fakit ya ɓace sai ta ƙara turo wani, cunkoson ya ƙara muni. Van Jacobson ne ya kawo gyaran da ya wallafa a 1988, a fara a hankali, a riƙa ƙarawa, in an ga asara a ja baya sosai. Waɗanda suka yi kwas ɗin kwantirol nan take suke cewa ai wannan fidbak ne Malam. Eh shi ne.

Rabon sabnet dai, wato raba netwok zuwa ƙananan gidaje, babu yadda za a yi, sai an zauna da biro da takarda. /24 adireshi 256, masu amfani 254, /26 adireshi 64, masu amfani 62, a yi ta yi da binari har ya zauna. Na hana kalkuleta a nan kuma ba na neman afuwa. IPv6 ma, sabon tsarin adireshin IP, ina shigo da shi da wuri yanzu ba a makon ƙarshe ba, tunda bit 32 na IPv4 adireshi wajen biliyan 4.3 kawai yake bayarwa kuma IANA, hukumar da ke rabon adireshin, ta raba ragowar nata tun Fabrairun 2011.

Packet Tracer na kamfanin Cisco, manhajar da ke kwaikwayon netwok a cikin kwamfuta, yana da amfani, musamman in aji ya yi yawa kayan aiki sun yi kaɗan, amma ina da ƙorafi a kansa, komai a cikinsa tsaf-tsaf yake, kebul ba ya sakin jiki, kan kebul na RJ45 ba ya karyewa. Shi ya sa jarrabawar lab ɗina yanzu ɓarna ce, da daddare ko da sassafe in shiga in lalata abu ɗaya a kowane tebur, nan in canza getwe, wato adireshin rautan fita, can in sa DNS na ƙarya yadda ping ta lamba zai yi amma ta suna ba zai yi ba, wani teburin in ba kwamfuta biyu adireshi ɗaya. Maki ba a gyarawa kaɗai yake ba, sai ka faɗa min me ka gwada da farko kuma me ya sa.

A zangon da ya wuce akwai rukunin da suka fi kowa daɗewa, 'yan mata biyu da namiji ɗaya, sun duba adireshi, sun duba mask, sun duba tebur ɗin rauta, komai daidai, har suka fara zargin na yi musu mugunta ta musamman. Ni kuwa na manta ma ban taɓa teburinsu ba. Can ɗaya daga cikin 'yan matan ta sunkuya ta leƙa bayan suwich ta ce wai me ya sa fitilar kofar nan ba ta kamawa? Kebul ɗin ne ya mutu da kansa. Na ba su cikakken maki, kebul ɗin kuma na ajiye shi a durowata, zangon gaba teburi na uku zan sa wa.