Ƙirgar ƙudan Bombus a Birtaniya: wutsiya ake fara dubawa

Ƙudan Bombus ba shi ne wanda ake ɗora wa amya ba. Ya fi shi kauri, jikinsa duk gashi, kuma gidansa ba ya kai wa shekara. Sabuwar sarauniya kaɗai ke tsallake hunturu a cikin ƙasa, in sanyi ya sassauta ta fito ta nemi wurin kafa gida, galibi tsohon ramin ɓera. Babu shi a ƙasar Hausa. Baƙin ƙaton nan mai huda katakon rufi wani dangi ne daban, Xylocopa. A Birtaniya akwai iri 24, kuma ina cikin masu ƙirga su a shirin BeeWalk na ƙungiyar Bumblebee Conservation Trust.

Hanya ɗaya nake bi, mai tsawon kilomita 1 zuwa 2, sau ɗaya a wata daga Maris zuwa Oktoba, tsakanin ƙarfe 11 na safe da 5 na yamma, ranar da babu ruwa ko iska mai ƙarfi. Ana ƙirga abin da ke cikin mita 2 ta dama, mita 2 ta hagu, da mita 4 a gaba. Wanda ya ɓullo ta baya ba a rubuta shi, don kada a ƙirga guda sau biyu. Ƙaramar kwalbar roba mai nuna ciki ta isa: a rufe ƙudan a kan fure, a duba, a sake shi.

Wutsiya nake fara kallo, sannan zanen jiki. Baƙi ƙirin mai jar wutsiya Bombus lapidarius ne. In wutsiyar ruwan goro ce, ƙudan ƙarami, da zane ruwan ɗorawa, to pratorum ne. Mai farar wutsiya da zane uku da doguwar fuska hortorum ne. Mai jan ƙirji, ciki baƙi da farar wutsiya hypnorum ne, wanda aka fara gani a ƙasar a 2001, yana son akwatin da ake rataya wa tsuntsaye. Pascuorum kuwa kusan duk jikinsa ja-ja ne.

Inda aikin ke cin mutum shi ne masu zane biyu. Sarauniyar terrestris wutsiyarta ƙasa-ƙasa ce, ta lucorum fara tas, amma ma'aikatansu, wato matan da ke nemo wa gida abinci, ido ba ya raba su da tabbas. Ni a haɗe nake rubuta su, kuma haka ya kamata, domin sunan da aka cinta yana shiga lissafin ƙasa baki ɗaya ya gurɓata shi. Namijin lapidarius ma yana ruɗarwa: yana da gashi ruwan ɗorawa a fuska da wuya, sai a ɗauka pratorum ne. Ga kuma rana da ke koɗar da launi, zuwa Agusta jar wutsiya ta yi fari-fari. Akwai wani ƙuda mai kwaikwayonsu, wanda ba dangin ƙudan zuma ba ne, Volucella bombylans. A dubi manyan idanunsa, gajerun ƙahonni, da fukafukai biyu maimakon huɗu. Bambanta jinsi kuma a ƙafar baya yake: duk wanda ke ɗauke da dunƙulen garin fure mace ce. Namiji ba ya ɗauka, ba ya harbi.

Abin da ke damuna yunwarsu ce. Kusan kashi 97 cikin 100 na filayen furannin daji na ƙasar sun salwanta tun shekarun 1930, kuma Bombus subterraneus na asalin ƙasar, rabon da a gan shi tun 1988 a Dungeness, a kudu maso gabashin Ingila. A hanyata, duk ɓangaren da aka aske ciyawa lokacin da take fure, watan da ke biye kusan fanko nake rubutawa. Saboda haka a jinkirta yanka har fure ya zuba, kuma in an tarar da gida a lambu a ƙyale shi, cikin 'yan watanni zai ƙare da kansa. Sarauniyar da ta galabaita, in babu fure kusa, a ɗiga mata farin sukari da ruwa rabi da rabi a cokali. Kada a ba ta zuma, tana iya ɗauke da cutar ƙudan zuma.