Asabar: ni da autarmu da despite

Tun asuba ake tsuga ruwa yau, har wajen ƙarfe goma bai ɗauke ba, lungunmu duk ya zama taɓo, shi ya sa autarmu ba ta je lesin ba, ga NECO saura 'yan kwanaki. Ina shan koko ta shigo da littafinta, wai Yaya don Allah duba min, malamin Turanci ya cika min takarda da jan biro kuma bai faɗa min laifina ba.

Layi na uku ta rubuta Despite of the rain, we went to school, ya zagaye of. Can ƙasa kuma Although my father is poor, but he paid my fees, ya zagaye but. Wallahi sai da na ji tausayinta, don yarinyar tana ƙoƙari, kawai ba wanda ya zauna ya warware mata.

Na ce ajiye Turancin tukuna, faɗa min da Hausa. Ta ce duk da ruwan sama mun je makaranta. Na biyun fa? Duk da cewa babana talaka ne amma ya biya min kuɗin makaranta. Na ce to kin ga wancan but ɗin amma ɗinmu ce kika ɗauko, mu a Hausa daidai ne mu haɗa su, su kuma Turawa ɗaya suke ɗauka, ko although ko but, ba a tara su a jimla guda.

Sai muka dawo kan duk da, nan muka daɗe. Duk da kawai, wanda suna ke bin sa, kamar duk da ruwa, duk da gajiya, shi ne despite ko in spite of, ma'anarsu ɗaya, sai dai despite ba ya ɗaukar of ko kaɗan, shi kuma in spite of kalma uku ne a rarrabe, ba inspite a haɗe ba yadda ake ta rubutawa a WhatsApp. Duk da cewa kuma, wanda cikakkiyar magana ke bin sa da mai aiki da aikinsa, shi ne although ko even though. In kuma ta nace sai ta sa despite gaban cikakkiyar magana to sai ta ce despite the fact that, wannan the fact that ɗin shi ne cewa ɗinmu. Da na faɗi haka sai da ta ɗago kai ta kalle ni ta ce au, dama haka ne?

Na ƙara mata abin da na taɓa gani a ƙamus, kalmar daga tsohon Faransanci ta fito, despit, wato raini, spite kuma guntunta ne. Kamar dai a ce mun raina ruwan mun fita abinmu. Wannan ya burge ta sosai har ta rubuta a bangon littafi.

Inda ta ɗan sha wuya shi ne aikatau mai ing. Ta rubuta Despite being tired, the food was cooked, na ce wa ya gaji, abincin? Wanda ya gaji shi zai zo bayan waƙafi, Despite being tired, I cooked the food.

Bayan magariba aka ɗauke wuta, da fitilar waya ta yi min jimla biyar. Huɗu daidai, ta biyar ta sa Despite she was sick, ban ce komai ba na miƙa mata biro, ta yi shiru tana motsa baki da Hausa, sai ta soke she was ta rubuta being. Gobe in Allah ya kai mu za mu yi regardless of, Umma ta ce sai bayan an gama wanki.